Haɗa Kimiyyar Lafiya da Nazarin Harshe da Al'umma a Jami'a: Gurbin Hausa a Manhaja

1.0 Gabatarwa

A tsarin ilimin ƙasar nan, ɗalibi yana zaɓar hanyarsa ne tun shigarsa babbar sakandare: ko ajin kimiyya, ko ajin fasaha. Daga wannan rana da wuya su sake zama aji ɗaya. Bayan shekara goma ko fiye, ɗaya ya fito likita, ya san yadda ƙwayar cuta take shiga jini, ɗayan kuma ya fito masanin Hausa, ya san yadda Bahaushe yake ambaton ciwo da yadda yake sakaya shi. Majinyaci yana bukatar ilimin nan guda biyu a lokaci ɗaya, amma jami'a ta raba su a tsangayoyi daban-daban.

Wannan maƙala za ta yi bayanin wani salon karatun jami'a da ke ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka, wato haɗa kimiyyar lafiya da fannonin nazarin ɗan'adam da al'umma, kamar harshe da tarihi da falsafa da shari'a da ilimin zamantakewa. Za mu kawo misalai daga Abuja da ƙasar Hausa, sannan mu nuna inda darasin Hausa zai shiga. Ra'ayinmu shi ne, a Arewacin Nijeriya mahaɗar waɗannan fannoni ita ce harshe, don haka masu tsara manhajar Hausa suna da aiki a wannan fage.

2.0 Ma'anar Haɗakar Fannoni da Asalinta

Haɗakar fannoni ita ce a ɗauki matsala guda a nazarce ta da kayan aikin fannoni biyu ko fiye a lokaci ɗaya, ta yadda amsar wani fanni za ta gyara tambayar ɗan'uwansa. Wannan ya bambanta da jera darussa kusa da juna. Ɗalibin likitanci da ya ɗauki darasin tarihi a shekarar farko ya ci jarrabawa ya manta, ya yi karatun fannoni biyu ne kawai. Wanda aka ba tarihin wata annoba, aka nemi ya bayyana yadda ƙwayar cutar take yaɗuwa da kuma dalilin da ya sa iyaye suka ƙi kai 'ya'yansu asibiti, shi ne ya yi karatun haɗaka.

Tun a 1959 masanin nan na Ingila, C. P. Snow, ya koka a wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Kambirij cewa masana kimiyya da masana adabi sun zama al'ummu biyu da ba sa jin maganar juna. A 1967 aka buɗe sashen nazarin ɗan'adam a cikin kwalejin likitanci ta Jami'ar Jihar Pensilbaniya da ke Amurka, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa. A Afirka ta Kudu kuwa, batun ya ɗauki fuskar harshe: Jami'ar Kef Tawun tana koya wa ɗaliban likitanci harsunan Kosa da Afirkans tun farkon shekarun 2000, Jami'ar KwaZulu-Natal kuma ta wajabta darasin harshen Zulu ga sababbin ɗalibanta daga 2014. Misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa da halin da muke ciki.

3.0 Darussa daga Abuja da Ƙasar Hausa

3.1 Maganin Sikila na Cibiyar Idu

A unguwar Idu da ke Abuja akwai Cibiyar Bincike da Bunƙasa Magunguna ta Ƙasa, wato NIPRD. A farkon shekarun 1990, cibiyar, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na ciwon sikila daga hannun wani mai magani, Rabaran Paul Ogunyale. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da itacen wata bishiya dangin madobiya. Masana suka gwada shi a ɗakin bincike da kuma jikin marasa lafiya, aka ba shi suna Niprisan, aka kuma sanya sunan mai maganin cikin takardar mallakar fasahar. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka lasisin sarrafa shi, a 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan, ana yin sa a Sheda cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya yanke a kasuwa, masu shan sa suka rasa, har sai da aka sake ba wani kamfanin cikin gida lasisi a 2018.

Idan muka dubi wannan tarihi, za mu ga cewa ɓangaren kimiyya ya yi nasa aikin. Tambayoyin da suka rage na wasu fannoni ne. Wane ne mai ilimin gargajiya, mutum ɗaya ko al'ummar da ya gada daga gare ta? Yaya za a raba riba? Wace yarjejeniya ce za ta kare majinyaci idan kamfani ya karye? Waɗannan tambayoyi ne na shari'a da tattalin arziki da falsafar ɗa'a. Akwai kuma na harshe, domin sunayen tsirrai a bakin masu magani suna sauyawa daga gari zuwa gari, kuma kuskure a suna kuskure ne a magani.

3.2 Gwajin Magani a Kano, 1996

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kashe dubban mutane. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Babban abin da aka yi ta jayayya a kansa a kotu shi ne amincewar iyaye. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa ta bakin ma'aikatan jinya kuma sun yarda, iyaye da dama kuwa suka ce ba su san gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A tsakanin wannan lokaci Nijeriya ta kafa Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa a Abuja, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007.

Abin lura ga malamin Hausa shi ne, duk wannan shari'a ta rataya ne a kan abin da aka faɗa da abin da aka fahimta. Kalmar "gwaji" ita kanta tana da fuska biyu. Bahaushe yana cewa "an yi mini gwajin jini", yana nufin an duba jininsa don amfaninsa. "Gwajin magani" kuwa yana nufin ba a riga an tabbatar da maganin ba. Uwar da ɗanta ke kwance cikin zafin ciwo, idan aka ce mata "za mu yi gwaji", ma'ana ta farko za ta ɗauka. Tsara jimlar da za ta raba waɗannan ma'anoni biyu aiki ne na masanin harshe wanda ya fahimci yadda ake binciken magani.

3.3 Rigakafin Shan Inna

A 2003 wasu jihohin Arewa, musamman Kano, suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonisiya. A wannan tsakani ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, kuma a 2006 Nijeriya ta samu yara fiye da 1,000 da cutar ta shanye.

Ba kimiyyar rigakafin kaɗai ce ta kawo nasara ba. An sauya masu magana da yadda ake maganar. Daga 2009 sarakunan Arewa suka shiga aikin ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka jawo malaman addini da masu unguwanni da matan da jama'a suka sani, aka kuma riƙa haɗa rigakafin da wasu magungunan da iyaye suka fi nema. Nau'in cutar na asali an gan shi na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da shi.

Sunan cutar ma darasi ne. "Shan inna" ya samo asali daga imanin cewa Inna, ɗaya daga cikin iskoki, ita ce ke shanye ƙafar yaro. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta wallafa littafi a kan siyasar wannan cuta a 2010, ta nuna yadda wannan fahimta da tarihin rashin yarda da hukuma suka haɗu. Wanda ya ɗauka iska ce ta taɓa yaro, ba zai ga dangantakar ciwon da ɗigon magani a baki ba, sai an yi masa bayanin da ya fara daga inda yake tsaye.

3.4 Ciwon Zuciya na Masu Jego

A shekarun 1970 likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, N. M. Davidson da E. H. O. Parry, suka lura da yawan gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa a yankin Zariya. Suka danganta shi da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, wadda ke ɗauke da gishiri mai yawa da ke tara ruwa a jiki. Da ba su tambayi abin da ke faruwa a ɗakin mai jego ba, da ba su kai ga wannan bayani ba. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi a Kano daga baya ya jawo hankali ga wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki da talauci. Wato kamar yadda sanin al'ada ya buɗe wa kimiyya ido, haka kimiyya ta dawo ta hana a ɗora wa al'ada dukkan laifi. Wannan kai da komo shi ne ruhin karatun haɗaka.

4.0 Harshe a Matsayin Mahaɗa

Sunayen cututtuka a Hausa ba su yi daidai da rabe-raben likitanci ɗaya bayan ɗaya ba. "Shawara" tana iya nufin rawayar ido daga ciwon hanta, ko daga fashewar ƙwayoyin jini, ko zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa. "Sanyi" yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama cutar da ake ɗauka ta saduwa. "Basir" a bakin jama'a ya wuce tsiron dubura, ya haɗa da taurin bayan gida da ciwon baya da raunin namiji. Likitan da ya fassara kalmar da ma'ana ɗaya tak zai iya rubuta maganin abin da ba shi ke damun majinyaci ba. Akwai kuma kunya, wadda ke sa mace ta ce "marata" ko "jikina" a inda take nufin wani wuri takamaimai, musamman idan surukarta na tsaye a gefe.

Masana sun daɗe da fara wannan aiki. Lewis Wall ya wallafa nazarinsa kan magani da lafiya a wurin Hausawa a 1988, bayan zama a yankin Malumfashi. Ismail Abdalla ya nazarci rubuce-rubucen likitanci na malaman Daular Sakkwato, ciki har da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa na 1997. Murray Last kuma, a wata maƙala ta 1981, ya yi gargaɗin cewa ba kowane majinyaci ne ke riƙe da tsararren bayani kan asalin cuta ba, da yawa suna gwada magani ne su ga wanda zai yi. A fagen keɓaɓɓun kalmomi, ƙamus ɗin kalmomin ƙanjamau da Ebola na Ingilishi zuwa Hausa da aka wallafa a 2017, wanda likitoci da masana harshe suka yi tare, ya ba da shawarar "karya-garkuwa" ga ƙwayar cutar, a bar "ƙanjamau" ga ciwon da ta haifar. Abin takaici shi ne, waɗannan ayyuka da wuya su kai ga ɗalibin likitanci, kuma ɗalibin Hausa da ya karanta su ba shi da kimiyyar da zai auna su da ita.

Ciwon sikila zai ƙara fito da bukatar. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a suna ɗauke da ƙwayar gadonsa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin jinin gado. Idan mace da namiji duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Amma idan aka ce wa ma'aurata "ɗaya cikin 'ya'ya huɗu", da yawa za su fahimci cewa idan an haifi mai ciwo ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Gaskiyar ita ce kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ana iya samun huɗun duk masu ciwo, ana iya samun huɗun duk lafiyayyu. Jimlar Hausar da za ta isar da wannan daidai tana iya yanke hukunci a kan aure da rayuwar yara.

Abuja wuri ne da wannan matsala ta fi fitowa fili. Ma'aikatan asibitocinta sun fito daga kowace kusurwa ta ƙasa. Majinyatan da ke zuwa daga ƙauyukan Gwagwalada da Kwali da Kuje da Abaji da Bwari kuwa, Gbagyi ne da Gwandara da Gade da Bassa da Fulani da Hausawa, kuma da yawansu Hausa ce harshen da suke hulɗa da baƙo. Sau da yawa tafintan da ke tsakanin likita da majinyaci ɗan'uwa ne da ya yi rakiya, ko wani ma'aikaci da aka kira daga bakin ƙofa, wanda ba a horar da shi kan fassara ko riƙe sirri ba.

5.0 Gurbin da Manhaja ta Bari

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin na 2007. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussan kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike bisa bukatun yankinta. Darussan gama-gari da ke akwai, kamar na al'ummun Nijeriya da al'adunsu da na falsafa, ana koyar da su ne ga ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, ba tare da an danganta su da sana'ar ɗalibi ba. A ganinmu, kashi 30 ɗin nan shi ne ƙofar da karatun haɗaka zai shiga.

An amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa a 2022, sannan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye ta a Nuwamban 2025. Duk yadda aka ƙare kan harshen koyarwa a aji, majinyaci zai ci gaba da faɗin ciwonsa da harshen da ya iya. Saboda haka hujjar wannan shawara tana nan daram.

6.0 Shawarwari

(a) Hausar Asibiti ga ɗaliban likitanci da jinya da ungozoma da harhaɗa magunguna. A raba shi mataki biyu: na masu koyon Hausa, da na masu jin ta tun daga gida, domin iya hira da Hausa daban yake da iya bayyana aikin ƙoda da ita. Darasin ya ƙunshi gaisuwa da ladubban magana da manya, da ɗaukar tarihin ciwo, da sakaya zance, da neman amincewa, da sanar da mummunan labari. A auna ɗalibi da baki, a gaban mai kwaikwayon majinyaci.

(b) Tushen Kimiyyar Lafiya da Fassara ga ɗaliban Hausa. Su koyi sassan jiki da aikinsu, da bambancin ƙwayoyin cuta, da yadda rigakafi ke aiki, da gadon halitta, da matakan gwajin magani. Aikinsu na zango ya zama fassara takardar neman amincewa ko takardar bayanin magani, sannan a gwada fassarar a kan masu sauraro a ga abin da suka fahimta.

(c) Zaman haɗin gwiwa a shekarar kusa da ƙarshe, inda ɗaliban ɓangarorin biyu za su yi aiki a rukuni ɗaya kan misalai irin huɗun da muka kawo, malamai biyu daga tsangayoyi biyu suna jagoranta, kuma su ba da maki tare.

(d) A matakin sakandare da kwalejojin ilimi, a shigar da nassoshin lafiya cikin darussan auna fahimta da insha'i da fassara. Wannan ya shafi Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, da ke Sheda, wadda ke tsara manhajar firamare da sakandare.

(e) A tattara taskar kalmomin lafiya daga bakin majinyata da ungozomomi da wanzamai da masu magani, a nuna karin harshen kowace kalma, ko Kananci ko Sakkwatanci ko Katsinanci, da dukkan ma'anoninta a likitance.

7.0 Matsalolin da Za a Fuskanta

Na farko, jadawalin ɗalibin likitanci a cike yake, kuma Majalisar Kula da Likitoci tana da nata sharuɗɗan. Mafita ita ce a saƙa darasin cikin horon da ake yi a gefen gadon majinyaci da zaman ƙauye na likitancin al'umma. Na biyu, malaman da suka iya ɓangarorin biyu kaɗan ne, kuma tsarin ƙarin girma yana fifita wanda ya tsaya a fanninsa. Na uku, akwai haɗarin mayar da darasin jerin "camfe-camfen Bahaushe" da za a haddace, abin da zai ƙara wa ɗalibi raina majinyaci. Gargaɗin Last yana da amfani a nan: a koya wa ɗalibi ya tambayi mutumin da ke gabansa. Na huɗu, Hausa ba ita kaɗai ce harshen Abuja ko na Arewa ba. Tsarin da muka zayyana ya kamata ya zama abin koyi ga Gbagyi da Fulfulde da Kanuri da Nupe da sauransu.

8.0 Kammalawa

Mun yi bayanin karatun haɗaka tsakanin kimiyyar lafiya da nazarin ɗan'adam, mun kuma nuna da misalan Idu da Kano da Zariya cewa nasarar magani tana rataye da shari'a da tarihi da amana da harshe. Mun nuna cewa kundin manhaja na 2022 ya bar gurbin da za a iya amfani da shi. Matakin farko da muke ba da shawara shi ne jami'a ɗaya mai sashen Hausa ko na harsunan Nijeriya da kuma kwalejin likitanci ta gwada darussan (a) da (b) na tsawon zango biyu, a auna fahimtar majinyata kafin gwajin da bayansa, sannan a kawo sakamakon gaban masu tsara manhaja domin a gyara kafin a faɗaɗa.